Ku da Ke Tura Kuɗin Taki Gida, Kun Taɓa Tambayar Inda Yake Ƙarewa?

Assalamu alaikum. Da ku nake, samarin da muke nema tare a nan Legas, musamman 'yan Filato da Mambila da Biu masu sauke kaya a Mile 12, da masu tireda a Agege da Idi-Araba. Kusan kowannenmu ya baro gona a hannun ƙane ko ɗan wa. Damina na kawo kai waya za ta fara kuka: "Yaya, a turo na taki." "Yaya, ciyawa ta taso, sai an yi feshi." Mu je wurin mai POS mu tura, mu ce Allah ya sa albarka, mu koma kan buhunan kabeji. A cikinmu wa ya taɓa tambaya yaya aka zuba takin, wace rana aka zuba, ko a ina aka wanke famfon feshi?

Ni ma ban taɓa tambaya ba, sai bara da rashin lafiyar tsohuwa ta kai ni gida, wajen Bokkos, a ƙarshen watan Mayu. Gonar dankalinmu a jikin gangare take, rafi na kwance a ƙasanta. Da la'asar na tarar ƙanena yana watsa yuriya a kan kunya kamar mai ba kaji tsaba, alhali hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin. Na ce masa ruwa fa zai sauko. Ya ce ai shi yake jira, ya narkar masa da taki. Aka kwana ana tafka ruwa. Da safe na bi sawunsa da ƙafa. Kunyoyin nan duk an ja su ne daga sama zuwa ƙasa, saboda haka kowane kwari ya zama kwata. Gindin gonar ya zaizaye har saiwa ta fito, lallausar ƙasar ta taru a bakin rafi, rafin kuma ya yi jawur. Taku kaɗan daga nan mata ne ke ɗiban ruwa a jarka. Wani yaro yana biye da su, riƙe da robar maganin ciyawa da aka yanke wa baki, da ita yake shan ruwa.

Buhu biyu na tura kuɗinsu. Gumin dako ne da tsayuwar dare a bakin tirela, kuma da idona na ga hanyar da ya bi.

Yuriya tana narkewa ne kamar sukari a shayi. Kashi 46 cikin ɗari nata sinadarin naitirojin ne, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. In aka bar ta a fili ruwa mai ƙarfi ya sauka a gangare, tare suke tafiya. Sinadarin da ke cikin sufa da kamfa, wanda ake kira fosfaros, shi manne wa ƙasa yake yi, don haka duk inda ka ga jan ruwa na gangarowa daga gona, da shi yake tafe. Abin da ke sa dankali ƙiba shi ke sa gansakuka ƙiba. Ta rufe fuskar ruwa, ta mutu, ta ruɓe, ruɓewar ta cinye iskar da kifi ke shaƙa, sai a wayi gari a ga kifaye sun juyo ciki sama a ce annoba ce. Wani kason naitirojin kuma rikiɗewa yake ya zama naitiret, ya nutse ya shiga rijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sinadarin naitiret a ruwan sha a kan miligiram 50 a kowace lita, saboda jarirai: in ya yi yawa jininsu ba ya ɗaukar iska sosai, leɓe ya canza launi. Tafasa ruwan ba ya fitar da shi. Ba a ganinsa, ba shi da wari.

Kada wani ya ce ɗan rafin ƙauye ne. Daga tsaunukan Filato kogin Kaduna ya taso, daga can Gongola ya taso ya je ya faɗa Binuwai a Numan. Mu na kan tudu mu ke fara taɓa ruwa kafin ya isa bakin kowa.

A nan Legas kuwa mu ne na ƙasa. Kogin Ogun daga tuddan wajen Shaki a jihar Oyo yake fitowa, ya ratsa gonaki, ya wuce Abeokuta, ya bi ta ƙarƙashin gadar Kara, ya zube a babban tafkin Legas. Daga shi matatun ruwa na Iju da Adiyan ke ja. Duk mai hawa jirgin ruwa daga Ikorodu ya san ciyawar nan mai kama da kainuwa, wadda ta shigo ta wajen Badagry a 1984, yadda take shaƙe injin ta hana masunta jefa taru. A 2016 ta cunkushe kogin a Kara har mutane suka riƙa takawa a kai suna ɗaukar hoto. Gaskiya ba taki kaɗai ke ciyar da ita ba. Akwai ruwan masai, da na masana'antu, da kashin shanu da jinin mayanka, wanda a nan ma da hannunmu a ciki. Amma abincinta ɗaya ne da wanda na gani yana sauka daga gonarmu.

Gyaran bai kai kuɗin buhu ɗaya ba. Babbansa shi ne kunya: a ja ta a gicciye, ta tare gangaren, kada ta bi shi. Na san abin da manoman dankali za su ce, cewa dankali ba ya son kwanciyar ruwa, kuma gaskiyarsu. Sai a ɗan karkata kunyar yadda ruwa zai fita a hankali, a yi masa hanya ɗaya a gefe, a shimfiɗa mata duwatsu ko a bar ciyawa ta kama. Inda gangaren ya yi tsanani a jera duwatsu a yi matakala. Mutanen duwatsun Gwoza sun gaji wannan tun kaka da kakanni, ba wani malamin gona da ya koya musu. Sannan a dasa jema ko gamba layi-layi a tsakanin gona, a kuma bar musu 'yan taku a bakin rafi. Saiwar jema tana nutsawa sosai, tana tace ƙasa, ruwa ya wuce. Nan ne gardama take, domin bakin rafi shi ne inda ya fi albarka, ga ƙasa ta yi ƙaranci. To amma wurin da kake jin ƙyashin bari shi ne ruwa ke gutsura kowace shekara, ba tare da ya nemi izininka ba.

Takin kuma a tona a binne kusa da shuka, a raba shi kashi biyu, a zuba a ƙasa mai danshi bayan ruwa, ba gabanin hadari ba. Tarin kashin kaji ya yi nesa da rafi. Famfon feshi a wanke shi a cikin gona. Robar magani a ɗauraye ta sau uku, a juye ɗaurayen a famfon, a huda gindinta kada ta koma gidan kowa. Wannan ya haɗa da masu noman rani a bakin tafkunan kuza, da 'yan uwanmu masu lambun latas da albasa a Ojo. Mu da muka taso muna jin hadisin da ya hana ɓata mashayar jama'a, bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani ba.

Kuma kada ku ce kuna nesa. Mai tura kuɗi ana jin maganarsa. Bana kashi biyu na raba na taki, na ɗora na masu tono jema daga fadama, na ce ba zan tura kashi na biyu ba sai na ga kunya a bidiyo ta WhatsApp. Ƙanena ya yi fushi, ya ce tun yaushe ɗan Legas ya fi shi sanin gona, ya kwana uku ba ya ɗaga wayata. Ran na huɗu bidiyon ya shigo. Kunya goma sha biyu na sama a gicciye suke, sauran yadda suka saba. Jemar layi ɗaya ce, ita ma akuya ta fara taɓa ta.