Ba kullum ba ne 'yan jarida ke ɓoye adadin mamata

Duk lokacin da bam ya tashi sai ka ga mutane a Facebook suna zagin gidajen rediyo, wai an ce mutum talatin ne suka rasu alhali sun fi ɗari, wai gwamnati ce ta toshe musu baki. Eh, akwai lokacin da hukuma ke rage lamba, ba na musu. Amma yawanci ba haka abin yake ba.

Ku tuna harin babban masallacin Juma'a na Kano, 28 ga Nuwamba 2014. Da farko 'yan sanda sun ce 35, daga baya rahotanni suka haura ɗari. Ɗan jarida dai abin da majiyarsa ta tabbatar a wannan sa'ar shi zai faɗa, ɗan sanda na ƙirga nasa, ma'aikacin asibitin Murtala na ƙirga gawarwakin da aka kawo masa, masu agaji su ma da nasu lissafin, ga kuma waɗanda suka ji rauni suna cikawa cikin dare. Sannan mu nan ba ma jinkirta jana'iza, wasu 'yan uwa daga wurin suke ɗaukar nasu su wuce gida a yi masa sutura, bai shiga littafin kowa ba.

Wanda ya rasa ɗan uwa dole ƙaramar lamba ta ƙona masa rai, kamar an raina rashinsa. Abin da ya fi cancanta a zarga shi ne gidan rediyon da ya samu sabon adadi washegari amma ya ƙi gyarawa, da masu tura tsofaffin hotuna a WhatsApp suna cewa na yau ne.