Saura Sati Biyu Biki

(Kwamitin bikin unguwa ya zauna. Baba ya riga kowa zuwa, ko da yake ba wanda ya gayyace shi.)

CIYAMAN: Jama'a, saura sati biyu biki, ba mu da komai a ƙasa sai fosta. Ma'aji, yaya asusu?

MA'AJI: Lafiya lau yake, ranka ya daɗe.

CIYAMAN: Ba lafiyarsa na tambaya ba. Nawa ne a ciki?

MA'AJI: To, fosta ta yi masa illa. Abin da ya rage ba zai ɗauko hayar lasifika ba, sai dai wayarta.

ƊAN BOKO: Ai ba sai da kuɗi ba. A Faransa tun 1982 suke bikin kiɗa duk ranar 21 ga Yuni. Gwani da ɗan koyo kowa ya fito bakin titi da abin kiɗansa, ba tikiti, ba kuɗin shiga.

MA'AJI: Su makaɗan fa, wa ke sallamarsu?

ƊAN BOKO: Yawancinsu kyauta suke yi.

MA'AJI: Kai, Faransawa 'yan albarka! A rubuta wannan da jan biro.

MAWAƘI: Kada wanda ya rubuta! Kwana uku na yi ban runtsa ba, ina gyaran murya.

BABA: Af, ashe kai ne, yaro? Ni na ɗauka janaretan wani ne ya shaƙe. Har na yi wa mai shi jaje a raina.

CIYAMAN: Baba, a yi haƙuri. Mai zane, ina aka kwana?

MAI ZANE: Na riga na shafe dogon bangon nan na kan kwana da farin fenti.

BABA: Na kan kwana? Ai bangon gidana ne!

ƊAN BOKO: Baba, fasaha ce. Duniya ma ta ware mata 15 ga Afrilu, ranar da aka haifi Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen nan na Italiya.

BABA: Shi ma bangon mutane yake shafewa ba sallama?

ƊAN BOKO: A'a, shi aikin aka ba shi. Ya yi kusan shekara uku yana zane a kan bango ɗaya a birnin Milan.

CIYAMAN: Shekara uku? Mai zane, kai sati biyu gare ka, ka ji?

MAI ZANE: Fuskokin dattawan unguwa zan jera. Baba ne a tsakiya.

BABA: (ya gyara zama) A tsakiya ka ce? To ka rage furfurar. Haƙoran gaban nan biyu kuma ka mayar min da abina.

CIYAMAN: Madalla. Sai wasan kwaikwayo. Ni ne sarki, wannan ba sai an yi ƙuri'a ba.

MA'AJI: Ni ne attajiri.

MAWAƘI: A wasa ma a ga kuɗi a hannunka, ai an yi tarihi.

ƊAN BOKO: Ranka ya daɗe, ga sunayen da aka kawo. Layin gaba duk 'yan wasa ne. Layin baya sun kafa ƙungiyar rawa. Yara za su karanta waƙe, iyayensu za su tsaya bayan labule suna tuna musu.

CIYAMAN: Wa zai jera kujeru?

(Kowa ya duƙufa kan wayarsa.)

ƊAN BOKO: Kafin nan ma, wa zai zauna a kansu? Duk unguwar fa a kan dandamali take.

(Shiru. A hankali idanu suka koma kan Baba.)

CIYAMAN: Baba, kai ne uba a unguwar nan...

BABA: Na ji. Zan yi kallon. Tafi ma zan yi, in an yi abin dariya in dara. Nawa za a ba ni?

MA'AJI: Haba Baba! A Faransa fa kyauta 'yan kallo suke yi.

BABA: To ku aika Faransa a kawo muku.