Rufin ragar katako: aikin yana wurin kafinta

Rufin ragar katako ba ya dogara da kaurin itace. Siraran sanduna ake shimfiɗawa a gicciye, a ɗaure mahaɗarsu sako-sako, sannan a lanƙwasa ragar duka ta zama kamar kwandon da aka kife. Lanƙwasar ce ke ɗaukar nauyi. A birnin Mannheim na Jamus, zauren Multihalle da mai zanen gine-gine Frei Otto ya tsara rufinsa, aka buɗe shi a 1975, ya rufe fili mai faɗin mita 60 ba ginshiƙi a tsakiya, da sanduna masu kaurin milimita 50 kacal, tazarar santimita 50 tsakaninsu.

Ana yawan yabon zanen kwamfuta. Ni kuwa ina ganin inda aikin ke gyaruwa ko lalacewa shi ne wurin zaɓen katako da ɗaurin mahaɗa.

Siririyar sanda tana lanƙwasuwa amma ba ta da ƙarfi, mai kauri kuma karyewa take yi. Shi ya sa ake ninka ragar hawa biyu, a bar sandunan suna zamewa a kan juna lokacin lanƙwasawa. Sai siffa ta zauna ake ɗaure notuna, a cusa guntayen katako tsakanin hawa biyun domin su yi aiki tare. Wanda ya yi gaggawar ɗaurewa tun raga na kwance, ƙarar karyewa zai ji. Bayan haka dole a sa ɗaurin karkace, ko da wayar ƙarfe ko da katako, in ba haka ba iska za ta murɗe ramukan ragar. Gindin kuma yana tura waje, sai an kafe shi da kyau.

Ginin Downland na kudancin Ingila, wanda aka kammala a 2002, ya fi koyar da darasi. Ɗanyen itacen oak suka yi amfani da shi saboda yana da laushin lanƙwasa. Kafintoci suka yanke duk inda ke da ƙulli ko karkataccen zare, suka haɗa guntayen masu kyau da gam suka zama dogaye. Ba su huda sandunan a mahaɗa ba, faranta ƙarfe suka matse su da su, don rami yana raunana siririn katako. Sun harhaɗa ragar a sama kan tsanin ƙarfe, suna sassauke ta kaɗan-kaɗan na makonni. Duk da haka wasu sanduna sun karye, aka gyara su a wurin.

Ruwa ne babban abokin gaba. Multihalle na wucin gadi aka gina shi, ga shi yau rufin ya jirkice har sai da aka tokare shi, ana kashe kuɗi masu yawa wajen ceto shi.