Yaron da ya fara tafiya sannan ƙafa ta ƙi shi

Jama'a, ku ba ni aron hankalinku, maganar nan ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

A layinmu a cikin gari akwai wani yaro da na ga tashinsa. Ya yi rarrafe a kan lokaci, ya taka ƙafarsa, har ƙwallo yake bi da sa'o'insa. Yana shekara huɗu aka ga yana yawan tuntuɓe, ƙafafun suna sanƙarewa, yana takawa a kan 'yan yatsu. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu, kakarsa ta dage shan inna ne. Shekara biyu ana hayaƙi, ana kai kuɗi wurin wani mai magani, har uban ya sayar da babur ɗinsa. Ranar da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa da na'urar MRI, likita ya dubi uwar ya ce, "Baiwar Allah, rigar jijiyoyinsa ce take lalacewa."

Wannan kalmar ta hana ni barci, sai na shiga karatu.

Ashe jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi suna da sutura, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Sunanta mayelin, kuma idan aka cire ruwa, sama da kashi 70 cikin ɗari nata kitse ne. Jijiya mai wannan sutura tana iya kai saƙo da gudun mita 100 a daƙiƙa, marar sutura kuwa da ƙyar take wuce mita ɗaya ko biyu. Kitsen nan ba irin na tumbi ba ne, jiki ne ke haɗa shi da kansa ta hanyar wasu ƙananan ma'aikata da ake kira enzayim. Ɗaya daga cikinsu shi ne FA2H. Aikinsa bai taka kara ya karya ba a ido: yana maƙala ɗan ƙullin oksijin da haidirojin a gurbi na biyu na sarƙar kitse, sannan a saka kitsen cikin mayelin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin da aka yi da ɓerayen da aka cire musu wannan enzayim. Mayelin ɗinsu ta ginu, sun taso lafiya, sai da suka manyanta ta fara rubewa. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan. Katangar da ba a shafe ta da makuba ba, shekarar farko ba ka bambanta ta da ta maƙwabci, sai damina ta yi ta zagayowa ka ga tana zaizayewa. Haka yaro zai yi tafiya, ya yi magana, sannan abin ya fara komawa baya. To mu da zarar mun ga lafiyayyen yaro ya canza, sai mu ce hannu aka sa masa.

A 2008 aka fara bayyana cutar da lalacewar FA2H ke jawowa a cikin mutane, a gidajen da iyaye 'yan uwan juna ne. Ƙwayar gadon da ke sa jiki ya haɗa FA2H tana kan kuromosom na 16, wato ɗaya daga cikin ƙunshin gado da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, kuma sai yaro ya gaji gurɓatacciya daga uwa da uba duka cutar ke fitowa. Iyayen lafiyarsu ƙalau, amma kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Lissafin sikila ke nan sak. Cutar ba ta da yawa, kuma ɗaya ce cikin jerin cututtukan gado da ke taɓa mayelin, amma da yawansu ta wannan hanyar ake gadonsu.

Kada wani ya ce ina sukar auren zumunci. Halal ne, iyayena ma 'yan wa da ƙani ne. Abin da nake cewa, gidan da aka ga yaro biyu sun kamu da irin wannan, a zauna da likita kafin a sake haɗa 'ya'ya. Tun 2024 Kano ke da dokar gwajin lafiya kafin aure, mun kuma karɓi gwajin jinin sikila. Me zai hana mu riƙa faɗa wa likita tarihin gidanmu ba tare da jin kunya ba?

Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa su biyun. Har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da cutar FA2H ba, amma akwai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, akwai magungunan sassauta sanƙarewa, akwai takalma da sandunan tallafi. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da likitocin yara da na jijiya.

Yaron layinmu yanzu uwarsa na kai shi gashi duk mako. Jiya da la'asar na gan shi a ƙofar gida, ya dafa bango yana kallon yara suna ƙwallo, yana yi musu ihun su ba da fasin.