'Yan mata, ku daina auna masoyanku da jaruman fim

Tun da Netflix ta saki Bridgerton, fim ɗin soyayya mai dogon zango kan masu hali na Ingila a zamanin da, a watan Disamba na 2020 ake jin 'yan mata suna cewa, "Wayyo, ina ma a wancan zamanin aka haife ni!" Yarinya ta raba dare tana kallo, ta tashi idanu jajur, wanda zai aure ta ya kira ta amsa masa a daƙile. Laifinsa ɗaya, bai iya kalaman da marubuta suka zauna suka tsara wa jarumi ba.

'Yar uwa, kin san zamanin nan da kike bege kuwa? Labarin ya faro ne a Landan ta 1813, lokacin da ciwon taɓin hankali ya kwantar da Sarki George na Uku, ɗansa ke riƙon sarauta. A dokar Ingila ta wancan lokaci, da zarar an ɗaura wa mace aure, kuɗinta da kayanta sun koma hannun miji, har da abin da za ta samu da guminta. Sai a 1870 aka yarda matar aure ta riƙe ladan aikinta, a 1882 kuma ta sami ikon mallakar dukiyarta. In ta faɗa hannun azzalumi, kashe auren sai majalisar dokoki ta yi doka ta musamman, abin da sai masu hannu da shuni ke iya nema, kuma haka aka tafi har 1857. 'Ya'ya ma ikon uba ne.

Ɗakunan rawar nan masu ƙyalli da kike gani a fim ɗin kuwa, cinikin aure ake yi a ciki, ana lissafin gonakin ango da dukiyar da uban amarya zai haɗo ta da ita. Kuma wa ya ce miki ke ce za ki sa rigar siliki? Masu hali tsiraru ne. Ƙila ke ce mai tashi kafin gari ya waye ki kwashe tokar murhu, ki yi ta hawa bene da bokitin ruwan wankan uwar ɗaki, hannuwa duk sun tsage don sanyi.

Ban ce kowa ya rufe ido ba, ko da yake akwai wuraren tsiraici a ciki waɗanda mai kunya ba za ta iya kallo a gaban mahaifiyarta ba, wannan kuma ya isa a yi tunani. Abin da nake jiye miki shi ne ki raina mutumin kirki mai nemanki da gaskiya saboda wanda aka yi wa kwalliya aka haska masa fitila.

Ku ma samari, da kuke musu dariya, ku tambayi kanku me ke riƙe su har asuba. Mafi yawa sauraro ne: jarumin yana barin mace ta kai ƙarshen maganarta, yana tuna abin da ta faɗa jiya. Wannan ba ya cin ko sisi. In tana magana, ka kife wayar.