'Yan kiɗan ƙarfe na Kaduna, lokacin adashi ya yi

Asabar ɗin da ta wuce na leƙa wani gareji a Barnawa inda wasu ƙannena huɗu ke gwajin kiɗa. An tura mota waje, an shimfiɗa tsohuwar darduma, an jingina katifu biyu a jikin ƙofa saboda maƙwabta. Mai ganguna ya haɗa sandunansa sau huɗu, mai gita ya taka ɗan akwatin nan da ke sa sauti ya yi kauri, suka afka. Wallahi har cikin ƙirjina na ji shi. Ba su kai ƙarshen waƙa ta biyu ba aka ɗauke wuta. Janareton gidan ƙarami ne, ba ya ɗaukar amfilifaya (na'urar ƙara sauti) biyu. Muka zauna jugum muna fifita da kwali. Mai bas, wato gitar nan mai kaurin sauti, wanda sai da ya hau mota biyu daga Kawo da kayansa a baya, ya naɗe wayarsa a hankali ya ce, "Yaya, bari in kama hanya kada dare ya yi mini."

Bayan kwana biyu na samu labarin wani yaro a Narayi, nan kusa da su, yana da babban janareto da mikisa (na'urar haɗa sauti) da lasifika biyu, amma wata shida ke nan yana neman mai ganguna bai samu ba. Ba su san shi ba, bai san su ba. Wannan shi ya hana ni barci har na zauna rubutun nan.

Ga wanda bai san abin da nake magana a kai ba, hebi metal wani kiɗa ne mai nauyi da ake yi da gita mai amfani da lantarki, da bas, da ganguna, da murya wadda wani lokaci take tashi sama, wani lokaci ta koma gurnani. Mu a tsakaninmu kiɗan ƙarfe muke ce masa, kuma sunan ya dace da asalinsa. A Birmingham ta Ingila, garin masana'antu da maƙera, wasu 'ya'yan leburori huɗu suka haɗu a 1968, su ne suka zama Black Sabbath, faifansu na farko ya fito a 1970. Mai gitarsu, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe. Ya narka roba ya yi wa yatsun hula, daga baya ya sassauta tsirkiyoyin gitar don su rage yi masa zafi. Sassautawar nan ta ƙara wa sautin nauyi da duhu.

Duk lokacin da na tuna wannan labarin, Kakuri ce ke faɗo mini a rai. A nan aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, a nan Peugeot ta fara harhaɗa motoci a 1975, a nan iyayen da yawa daga cikinmu suka ci abinci har aka rufe masaƙun ɗaya bayan ɗaya, gine-ginen suka koma kufai. Ka shiga Panteka da hantsi ka tsaya ka saurara: guduma a kan maƙera, tartsatsin walda, ƙarar injin yankan ƙarfe. Bahaushe kuma tun kaka da kakanni yana da kiɗan maƙera, dundufa, kamar yadda mahauta ke da kalangu. To wa zai ce mana kiɗan ƙarfe baƙo ne a garin nan? Kunnenmu ya saba da amonsa tun kafin mu ga gita.

Abin da muka rasa haɗin kai ne, kuma laifinmu ne. Kowace ƙungiya tana zaune a lungunta tana jiran wani kamfani ya ɗauki nauyinta, ko wani mai shirya wasa daga Legas ya gano ta. Babu mai zuwa. Masu kuɗin suna bin inda taron yake, taron kuwa yana wajen afrobit da hip-hop da waƙoƙin fim, kuma ba su yi laifi ba. Har wata gasa marar amfani ta shiga tsakaninmu, wannan ya ce wancan bai iya ba, wancan ya ce wannan kwaikwayo yake yi. Mu nawa ne duka da za mu rabu gida-gida?

Shawarata ita ce mu yi abin da iyayenmu mata suka daɗe suna yi: adashi. Kowane mai kiɗa ya riƙa zuba wani abu duk wata, daidai ƙarfinsa, a samu mutum biyu amintattu su riƙe littafi, a riƙa karanta lissafi a gaban kowa. Kwasar farko kada ta shiga aljihun kowa. A kama ɗaki guda, a liƙa masa soso da kwalin ƙwai, a ajiye ganguna saiti ɗaya na kowa da kowa, a rubuta jadawali a bango: wannan ƙungiya Litinin, waccan Laraba. Ganguna su ne babbar wahalarmu. Yawancin masu gangunan da na sani a coci suka koya, kuma ba za su iya ɗauko kayan coci su kawo gareji ba. Yaro Musulmi da ke son koyo kuwa sau da yawa ba shi da inda zai taɓa sanda ko kaɗan. Saiti ɗaya a ɗaki ɗaya ya warware wannan. Kwasa ta biyu a yi odar tsirkiyoyi da fatun ganguna da wayoyi a dunƙule. Na taɓa yin sati uku ina kaɗa gita da tsirkiya biyar saboda ta shidan ta tsinke, wadda na samu a gari kuma siririya ce, ba ta jure sassautawa. In mutum goma suka haɗa oda, kuɗin aikowa ya ragu, kowa kuma yana da ta ajiya.

Sai wasa. Sau ɗaya a wata ya isa, amma kada a fasa ko da mutum 20 ne suka zo. A nan nake so mu yi abin da garin nan ke buƙata: wata guda a kudancin kogi, wata guda a arewa. Duk wanda ya girma a Kaduna ya san abin da rikicin 2000 da na 2002 suka yi mana, yadda mutane suka kwashe kaya suka ƙetare gada, kowa ya koma cikin nasa. Akwai samarin da aka haifa a Sabon Tasha ba su taɓa shan shayi a Tudun Wada ba, akwai na Rigasa da ba su taɓa zama a unguwar Television ba. A garejin nan na Barnawa, biyu Musulmi ne biyu Kirista, da aka kira la'asar aka ajiye kaya ba tare da wani ya ce a ajiye ba. A fara wasa da wuri, a tashi kafin magariba, kowa ya isa gida lafiya. Babu giya, babu ƙwaya a wurin, kuma mu da kanmu za mu tsaya a ƙofa.

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙarƙashin wannan: kiɗan shaiɗanu ne. Ban raina damuwarsu ba, domin akwai ƙungiyoyi a Turai da ke wasa da irin waɗannan alamomi, ni ma ba na sauraronsu. Amma gita katako ce da waya, abin da ka ɗora mata shi take ɗauka. A Maroko, a 2003, an yanke wa matasa 14 hukuncin ɗauri a Kasabalanka bisa wannan zargi, har baƙaƙen rigunansu aka kai kotu a matsayin shaida. 'Yan jarida da iyaye da sauran mawaƙa suka tashi tsaye, aka sake duba shari'ar, kiɗan kuma ya ci gaba a ƙasar. Ni ma an taɓa soke mana wasa ana gobe za a yi, bayan mun biya kafin alƙalami, saboda mai zauren ya ga fosta mai baƙin launi ya tsorata. Mu huɗu ne, ba mu da bakin magana. Da ƙungiya ce mai shugabanni, wadda ta je ta gaida mai unguwa, ta nuna masa rubutun waƙoƙinta, da ba haka aka yi ba.

Wanda ke ganin mun yi kaɗan ya duba Botswana, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 3 ba. A Ghanzi, wani ƙaramin gari cikin hamadar Kalahari, 'yan ƙungiyar Overthrust ne da kansu suka kafa bikin kiɗan ƙarfe na shekara-shekara, suna tara taimako ga yara marasa galihu. Nan maƙwabtanmu Nijar, Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko, waƙoƙinsa suka yaɗu daga waya zuwa waya kafin duniya ta san shi. Nasa ba kiɗan ƙarfe ba ne, amma da harshensa na Buzaye ya yi.

Wannan na ƙarshen yana ci mini rai. Yaranmu suna gurnani da Turancin da ko su ba su jin daɗinsa a baki, alhali Hausa tana da kirari, tana da zambo, tana da take irin na 'yan dambe da mafarauta, masu sa tsikar jiki ta tashi. Ku rubuta a kan masaƙar da aka rufe, da hanyar Birnin Gwari, da ɗan uwan da ƙwaya ta cinye. Ku nemo makaɗin dundufa ku biya shi hakkinsa, ku zaunar da shi kusa da mai ganguna, ku ji abin da zai fito.

Na riga na haɗa yaron Narayi da na Barnawa. Asabar mai zuwa zai kawo janaretonsa a Keke Napep, mai bas ɗin Kawo ya ce zai zo da littafin da za a fara rubuta sunaye. Duk mai gita ko sanda ko murya a garin nan, mace ko namiji, ya ajiye mini saƙo in gaya masa wurin. Ƙarfe 2 za mu fara.