Ga Binuwai a kwance, shagonmu ya ƙone ƙurmus

Wallahi tun daren jiya ƙirjina ke tafasa, in ban amayar da abin nan ba sai ya kwantar da ni. Wuta ta tashi a layin shagunanmu nan Garwa ta Kamaru bayan isha'i, wayar lantarki ce kamar kullum, an ɗauke wuta an dawo da ita da ƙarfi. Muka kira 'yan kwana-kwana, suka zo, ban ce ba su zo ba, har da jiniya. Minti shida bakwai ruwa ya ƙare. Ban yi mamaki ba, motar lita 3000 take ɗauka, tiyo guda na fesa 500 a minti, kowa ya yi lissafi. Famfon gobara na unguwa kuwa tun ina saurayi yake tsaye kamar turken jaki, ban taɓa ganin ɗigo ya fito ba.

Sai suka ce kogin Binuwai za su. Na hau moto na bi su. Suka tsaya can bisa gaɓa, suka fito da baƙaƙen tiyon nan masu tauri na zuƙo ruwa, mita bibbiyu, suna ta harhaɗawa. Inji ya yi gurnani, ya yi tari, ruwa ya zo tsul-tsul kamar fitsarin jariri ya ɗauke.

Ni shekara 19 ina noman albasa da injin ban ruwa a bakin kogin nan, kukan injin kawai na ji na san ciwonsa. Inji ba ya jan ruwa kamar guga, iskar cikin tiyo yake fitarwa, nauyin iskar waje ita ke turo ruwan sama, kuma ƙarfinta yana da iyaka. A takarda mita 10 da ɗan wani abu, a aikace in ka wuce 7 sai dai addu'a. Lita 2000 a minti da ake rubuta wa injin motar nan a tsayin mita 3 ake auna ta, in ka kai 7 da rabi ka gode Allah in ka samu rabinta. Ga Maris, ruwa ya ja da baya, kwandon bakin tiyon yana kwance cikin ruwan da bai kai gwiwa ba, yana shan iska da yashi, leda ta lulluɓe shi.

Na matsa cikin ladabi na ce, "Shef, sannu da aiki. Gaɓar nan ta yi tsayi, ku gangara mashayar shanu can ƙasa, motar za ta kusanci ruwa."

Yaron nan, wallahi sa'an ɗana na biyu ne, ya haska ni da tocila tun daga silifa har hula, a hankali, ya tsaya kan furfurata. Ya ce, "Kai injiniya ne?"

Na ce a'a ɗana, manomi ne.

Ya juya wurin abokinsa yana dariya, "Ka ji, mai albasa zai koya mana aiki." Sannan ya ɗaga hannu kamar mai korar kaza ya ce "degaje!", wato "kauce" da Faransanci. Ko baba bai ce ba. Degaje. Ni da dukiyata ke ci da wuta, hayaƙinta muna hango shi daga nan.

To ranka ya daɗe injiniya, me ka yi bayan na degaje? Tiyo ya ƙara! Ya ƙara tsawo, ya ƙara mahaɗa, kowace mahaɗa da robarta ta bushe tana shan iska, ruwan da ke ɗan zuwa ma ya yi fushi. Sai bayan kusan rabin awa direbansu, dattijo, ya tada mota shiru ya gangara mashayar da na faɗa. Nan take tiyo ya cika. Ko kallona ba su yi ba. Kafin su koma, shaguna huɗu sun zama toka, yaran unguwa da bokiti da bidon su suka tare na biyar.

Kuma in na huce ba yaron ne kaɗai ba. Gari guda a bakin kogi, ga madatsar Lagdo tun 1982 tana tare ruwa, amma gangara ɗaya ta siminti da motar kashe gobara za ta sauka bakin ruwa ta gagari gwamnati? Tankin ƙasa ɗaya kusa da kasuwa fa? Robar mahaɗa nawa take? Ko ba komai mu muna da kogi, 'yan'uwanmu na Marwa da mayo, wato rafinsu, ke bushewa ƙaf da rani yashi za su zuƙa? Kowace shekara wuta, kowace shekara manya su zo da jerin motoci su yi jaje a ɗauki hoto, mu kuma mu ce ƙaddara ce mu shafa fatiha mu watse.

Yau da safe ina tsaye cikin toka ina tsintar kwanon rufi, sai ga mai tikitin kasuwa da littafinsa a hammata, wai kuɗin wuri na yau.